Agogon Bakin Rijiya

Ku ɗiyana, da ku ɗiyan ƙanena Isiya, duk da ku nake, ban ware kowa ba. Kun tashi kun iske Isiya yana jan ƙafa, hannunsa na dama yana rawa, in ya ɗauko magana sai an yi haƙuri an jira shi ya kai ta. An gaya muku rijiya ce ta yi masa haka, an kuma gaya muku ni na sauka na fid da shi. Duka biyun gaskiya ne. Amma akwai saura, kuma yanzu ni kaɗai na rage cikin waɗanda sunka san sauran. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, ku yi haƙuri da shi, ba don kyau nake yin sa ba.

Gidanmu a Unguwar Lalle gidan maginan rijiya ne tun kakanni. Da damina mu noma gero da dawa kamar kowa, in amfani ya shiga rumbu sai mu ɗauki igiya da guga mu bi ƙauyuka. Akwai dagi ɗaya a gidan, dogon ƙarfen nan da ake sarar ƙasa da shi, na kakanmu ne, wurin riƙonsa har ya yi santsi. Wanda dagin nan yake hannunsa shi ne babba. Shi ke zama da mai gari, shi ke zaɓen wurin da za a gina, shi ke yin saran farko, kuma sunansa rijiya ke ɗauka. Daga Gatawa har Gangara, ka tambayi mace inda ta ɗebo ruwa, sai ta ce maka rijiyar Bawa. Bawa shi ne Babanmu. Ni kuwa tun ina saurayi ba abin da nake so a duniya irin in ji an ce rijiyar Nomau. Ban taɓa ɓoye wannan ba, ban kuma ga wanda zai tare mini hanya ba, tunda ni ne babba, ni ne kuma mai ƙarfin.

Ƙarfi kam Allah ya ba ni. In na sauka rami da hantsi ba ni fitowa sai an kira azahar. Masu jan igiya su gaji a sake wasu, ni ina ƙasa ina sara. In na fito, jiki fari fat da ƙasa, idanu jawur, sai mata su taso da ƙwaryar fura suna sannu namijin duniya, wata har ta rangaɗa guɗa. Ina jin daɗin wannan ƙwarai, ƙarya ba ta da amfani. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, daga rana ta take tsaka saran nawa na banza ne. Dagi ya tashi ya faɗi, ƙasa kaɗan ke ɓantaruwa, kaina na ciwo kamar ya tsage, bangon rami ya riƙa karkata ban lura ba. Amma tunda daga bisa ana jin ƙarar ƙarfe, kowa ya ɗauka aiki ke tafiya, har ni kaina.

Isiya na ba shi shekara shida. Siriri ne, ba shi da yawan magana, in ana hira shi sauraro yake. Ya tafi cin rani ƙasar Nijar, wajen Madawa, ya faɗa cikin masu ginin rijiyar siminti, ya shekara uku bai dawo ba. Shekarar da ƙirjin Baba ya matsa masa, tari ya hana shi sauka rami, a shekarar Isiya ya dawo. Tsarabarsa ba ta taka kara ta karya ba: atamfa ga Inna, shayi da sukari ga Baba, ni hula. Sai wani agogo mai ƙararrawa, irin na ajiyewa bisa tebur, mai kunnuwa biyu a ka, ya naɗe shi cikin tsumma kamar jariri. Bayan la'asar muna zaune a zaure ya kwance shi ya aje gaban Baba.

"Baba, can inda na yi aiki ba a barin mutum shi daɗe ƙasa," in ji shi. "Minti ashirin da biyat, ƙararrawa ta buga, a fid da shi ko yana so ko ba ya so. A bar rami minti biyat shi sha iska, sannan wani shi sauka. In an yi haka sau huɗu, kowa shi zamna a sha hura, a huta da kyau."

Na ƙyalƙyale da dariya. Na ce, "To kai Isiya, gina ka koyo can ko hawa da sauka? Ai rabin yini ya ƙare ga igiya ke nan."

"Yaya, mutum in ya san minti ashirin da biyat kaɗai gare shi, ba ya tsayawa susar kai. Ba tunanin gida, ba tunanin tuwo. Sara kawai."

"Au, mu da ba mu da agogo tunanin tuwo muke yi ke nan?"

"Ban ce ba, Yaya."

Sai ga muryar Inna daga bakin ƙofar cikin gida: "Kai wanga, bar Isiya shi ƙare maganatai mana!"

Kai wanga. Ni ke nan. Ni ɗan fari ne, kun san al'ada, Inna ba ta kama sunana, ba ta yaba ni gaban mutane, ko ƙwarya za ta miƙo mini sai ta kau da kai. Na san kunya ce, ba ƙi ba ne. Amma sanin bai taɓa hana ni jin zafi ba in na ji tana Isiya ka ci, Isiya ka sha, Isiya ka rame. Wannan na saba da shi, na iya haɗiyewa. Wanda ban iya haɗiyewa ba shi ne na Baba. Ya ɗauki agogon ya kara a kunne, ya daɗe yana sauraro, sannan ya tambaya ko wanda ke ƙasa yana jin ƙararrawar. Isiya ya ce bakin rami ake aje shi, har ƙasa ake ji. Baba ya yi tari mai tsawo, ya share baki.

"Da an yi wanga abu da wuri," ya ce, "ƙila da ƙirjina bai zama haka ba."

Shekara ashirin ina kwaikwayon mutumin nan. Shi ya koya mini daɗewa a rami, shi na gani yana fitowa da azahar ana yi masa kirari. Yau ga shi yana yabon ɗan ƙarfen da aka sayo a kasuwa, yana kallon Isiya da wani irin ido da bai taɓa kallona da shi ba. Hular da Isiya ya kawo mini ban taɓa sa ta ba, na ba wani maroƙi.

Ranin nan aiki biyu sunka zo tare, ɗaya wajen Gatawa, ɗaya a Gangara. Baba ya raba mu, ni Gatawa, Isiya Gangara. Bai ce gasa ba ce, amma bai ba kowa dagin kakanmu ba, ya jingine shi a kusurwar zaure inda duk mai shiga zai gan shi. Na kwashe ƙarfafan mutanenmu duka. Isiya ya tashi da Ɗantani, wani dattijo da ya daɗe yana yi mana aiki, wanda ni a wurina jan igiya ma sai na yi masa tsawa, da wasu mutum biyu. Ranar kasuwar Sabon Birni labari ya riƙa zuwa. Wai maginan Gangara sau uku suke shan fura a yini. Wai aikin ofis suke yi, sai an kaɗa musu ƙararrawa. Ana faɗa ana dariya, ni kuma in ƙara gishiri in kai gaba. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, amma duk rumfar da na zauna sai na bar mutane suna yi masa dariya kafin in tashi.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ina zurfin gaba goma sha huɗu, ina fama da gyaran bango don ramina ya karkata har guga na gugar gefe, aka zo aka ce mini Gangara sun cim ma ruwa. Na ce ƙarya ne. Washegari na ce wa mutanena za ni duba wata gona, na hau keke na tafi ni kaɗai. Na leƙa rijiyar. Wallahi miƙe take sak, tun daga baki har ƙasa, ruwa na ƙyalli can ciki. Sunan Allah ma ban iya kira ba don baƙin ciki. Ina tsaye sai wata tsohuwa ta zo da tulu, ba ta san ni ba, ta ce mini bawan Allah in ƙishirwa kake ji ka sha, ruwan rijiyar Isiya daɗi gare shi. Ban sha ba. Na hau kekena na dawo da ƙishirwata. Tawa sai da ta ƙara kwana tara, kuma ba wanda ya kira ta da sunana, rijiyar yamma suke ce mata har yau.

Uwarku Hajo matata, Allah ya jiƙanta, ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Ta ga na dawo na ture tuwo, ta ce:

"Mai gida, to ka sai agogon kai ma mana. Ai ba gado aka yi nai ba, kasuwa aka saida shi."

"Ke kuma an tambaye ki?"

"Ba a tambaye ni ba. Amma hassada ga mai rabo taki ta."

Kwana uku ban yi mata magana ba. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, Isiya bai yi mini gori ba ko sau ɗaya. Da ya gama tasa, ya zo Gatawa ya durƙusa ya gaishe ni, ya tuɓe riga ya ce a ba shi igiya ya taya ni. Da ya yi mini fankama da na sami abin riƙewa, in ce ga abin da ya yi mini. Bai ba ni komai ba, sai ladabi. Duk ladabin da ya yi sai in ji kamar yana ƙara mini nauyi ne a ka.

Da bazara ta shigo, mutanen wani ɗan ƙauye kan hanyar Isa sunka zo wurin Baba. Sau uku ana fara musu rijiya ana bari, don ruwan wurin yana da nisa, ga marmara, jan dutsen nan mai taurin tsiya. Matansu tafiyar rabin yini suke yi kafin su samo tulu ɗaya. Baba ya kira mu mu biyu, yana kwance bisa tabarma, numfashi na yi masa wuya.

"Tare za ku tahi," ya ce. "Kuma da agogo za a yi. Zancen lokaci, abin da Isiya ya ce shi za a bi. In kun komo za ni aje dagi hannun ɗayanku, ni ƙarfina ya ƙare."

Hannun ɗayanku. A da ba a ma tambayar hannun wa. Na tashi na fita.

Mun yi sati biyar a ƙauyen. Za ni faɗi wata gaskiya da ban taɓa faɗa ba: tunda nake ban taɓa aiki mai kyau irin na satuttukan nan ba. In na sauka na san lokacina ƙanƙane ne, sai in zuba ƙarfina duka, ba waige. Kafin hannu ya mutu ƙararrawa ta buga. In fito in sha iska, in sha ruwa, in miƙe ƙafa a inuwa, in lokacin komawa ya yi in koma kamar ban yi komai ba. Ciwon kan nan da na ɗauka gadon magina ne, ya ɓace. Ka ce ya kamata in yi murna ko? Haushi ne ya ƙaru. Kowane sara mai kyau da na yi, shaida ce nake ba Isiya da hannuna. Ga kuma abin kunya, ƙato kamata a riƙa zaro shi daga rami kamar guga, mutanen gari na kallo. Wata rana ƙararrawa ta buga na ƙi kama igiya, na ce a bar ni in ƙarasa wani dutse. Na ji Isiya daga bisa yana cewa a hankali, Ɗantani ku ja. Da yake igiyar tana ɗaure a ƙuguna, sunka ja. Mutanen da na ɗauka aiki da bakina, maganarsa sunka bi ba tawa ba. Ina fitowa na ji mai garin yana gaya wa na kusa da shi, wanga ƙaramin shi ad da hankali.

Da munka wuce gaba ashirin iska ta yi nauyi a ƙasa. In an zura fitila da igiya, harshen wutar sai ya ƙanƙance ya yi kamar zai mutu. Isiya ya rage lokaci, ya mai da shi minti sha biyar, hutu kuma minti goma, a ɗaura reshe mai ganye a riƙa zurawa ana ja don iska ta shiga. Ya kuma ce daga nan mu biyu kaɗai za mu riƙa sauka. In ina ƙasa shi ke riƙe agogo a bakin rami, in yana ƙasa ni ke riƙewa. A cikin marmara guga ba ya cika da wuri, saboda haka su Ɗantani sukan koma can inuwar wani gawo su zauna, sai sun ji ƙararrawa ko an kira su sannan su taso.

Ranar Talata ce, bayan azahar, zafi kamar a toya ƙwai bisa ƙasa. Danshi ya fara nunawa a dutsen, kowa ya san ruwa ya kusa. Layin Isiya ne. Na lissafa a raina na ga in ruwan ya ɓullo yau, a hannunsa zai ɓullo, shi ke nan rijiya ta biyu ta ɗauki sunansa, dagi kuma ya tafi. Ya ɗaura igiya, ya wana agogo da kansa, ya miƙo mini.

"Sha biyat, Yaya."

"Na ji."

Aka zura shi, su Ɗantani sunka koma inuwa. Na zauna bakin rami da agogo bisa cinyata, ina jin dagin aikinsa yana tam, tam, tam, ba gaggawa ba lalaci. Ina kallon hannun agogon yana tafiya. Ina so ku fahimce ni a nan, ba don ku wanke ni ba. Ban nufe shi da mutuwa ba, ko kusa. Abin da nake so shi ne in ji muryarsa yana kururuwa ku fid da ni, ku fid da ni, mai gari ya ji, Ɗantani ya ji, in koma gida in ce wa Baba ga gwaninka nan, ɗauke agogo ka ga abin da ya rage. So nake a yi masa dariya sau ɗaya a gabana. Lokaci ya cika. Ƙararrawar ta ce ƙirr, na sa babban yatsana na danne 'yar gudumar da ke buga kunnuwan, na rufe agogon da rigata har wanin ya ƙare. Na waiga. Ba wanda ya ɗaga kai a inuwar gawo.

Saran ya tsaya kaɗan, sannan ya ci gaba, har ya fi na da sauri. Na ce a raina yanzu zai yi kira. Minti biyar, bai kira ba. Minti goma, saran ya fara ja da baya, tam, sai a daɗe, sannan tam. Na ce yanzu kam. Sai shiru. Ko a nan ban tashi nan take ba, ku rubuta wannan a kaina. Na ƙara jira, ina sauraron muryar da za ta roƙe ni. Da shirun ya yi yawa na leƙa na kira sunansa. Ramin ya maido mini da muryata.

Ban san yadda na yi ihu ba. Su Ɗantani sunka sheƙo, sunka kama igiyarsa sunka ja, ta taho fayau, ashe ya kwance ta don tana hana shi juyawa. Na ɗaura ta a ƙuguna na ce ku zura ni. A ƙasa iskar kamar an toshe maka hanci da tsumma mai zafi. Na iske shi zaune, kansa jingine da bango, bakinsa a buɗe, dagi bisa ƙafarsa. Na ɗaure shi, aka ja shi, sannan aka zuro mini igiya. Na fito ina amai. Aka sa shi a amalanke zuwa bakin titi, daga nan mota ta kai shi asibiti a Isa. Muna cikin amalanken, kansa bisa cinyata, Ɗantani ya dube ni.

"Nomau, ƙararrawa fa? Ba mu ji ta ba."

"Ba ta buga ba," na ce. "Ƙasa ta shige ta."

Ban shirya maganar ba, da kanta ta fito, kuma da ta fito sai ta zauna daram. Kwana biyu Isiya bai san wanda ke kansa ba. Da ya farka, hannun dama na rawa, ƙafa ba ta ɗaukarsa sosai, harshe ya yi nauyi. Likita ya ce rashin iska ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, a gode wa Allah da ya tashi. Labari kuwa ya riga mu isa gida: agogon Nijar ya ci amanar mai shi, Nomau ya sai da ransa ya ceto ƙanensa. Muna shiga gida Inna ta taso, ta wuce Isiya da aka tallafo, ta zo gabana ta tsaya, ta dube ni cikin ido gaban kowa.

"Nomau," ta ce, "Allah shi yi maka albarka."

Tunda ta haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar. Shekara talatin da takwas ina jiran wannan, ga yadda ya zo mini. Bayan sati ɗaya Baba ya sa aka ɗauko dagin kakanmu ya ɗora mini a hannu, ya ce ƙarfe ba ya da amana, ɗan'uwa shi ad da amana. Na karɓa. Na koma ƙauyen hanyar Isa, sara kaɗan na yi ruwa ya ɓullo, don Isiya ya riga ya fasa dutsen. Rijiyar Nomau ake ce mata. In kun bi hanyar ku tambaya, za a nuna muku.

Rani na zagayowa na tafi kasuwar Sabon Birni na sayi agogo, ban gaya wa kowa ba sai ganin sa aka yi. Ashirin da biyar a rami, biyar hutu, in an yi zurfi sha biyar, bayan huɗu a zauna a sha fura. Ban canza ko minti ɗaya daga abin da Isiya ya kawo ba. Shekara ashirin da wani abu ina aiki haka, ba mutum ɗaya da ya taɓa suma a hannuna. Yanzu samari da waya suke sa ƙararrawar, suna ce masa tsarin Nomau, ni kuma in yi shiru. Isiya ya koma tufkar igiya da ɗinkin guga a ƙofar gida. Za ku ce to ai hassada ta ƙare, tunda na samu duk abin da nake so. Ina! Sai ta sake kama wani wuri. In dawo daga aiki a gajiye, in iske ku duka, nawa da nasa, kun kewaye shi yana ba ku labari da nauyin harshensa kuna dariya, ni in kun gan ni sai ku nutsu. Ranar da Baba zai cika, cewa ya yi a zaunar masa da Isiya kusa da kai. In dubi fuskar Isiya in ga ba abin da ke cin sa, ni kuwa da dagi da suna da lafiya, ko tuwo ba ya yi mini daɗi. Mutumin da na nakasa da yatsana, shi nake ƙyashi.

Bara, bayan 'yan bindiga sun tashe mu mun dawo cikin garin Sabon Birni, wata safiya da hantsi na iske shi shi kaɗai a inuwar katanga, yana warware zaren buhu yana tufka. Ya tsufa, ni ma haka. Na zauna kusa da shi. Ban yi wani shiri ba, na dai ga in ban faɗa yau ba ƙila ɗayanmu ya tafi da ita. Na gaya masa duka, tun daga hula har yatsa. Bai daina tufka ba har na gama. Sannan ya ɗauko maganarsa a hankali, yadda kunka san yana yi.

"Na ji ta, Yaya."

"Ka ji mi?"

"Ƙararrawa. Ta fara, ta tsaya. Agogo in ƙasa ta shige shi, ba ya farawa."

Na ce, "Shekara ashirin da biyu ka sani? To don mi ba ka yi kira ba? Don mi ba ka girgiza igiya ba? Kai da ka fi kowa sanin iskar wurin!"

Ya aje igiyar bisa gwiwa, ya danne hannun nan mai rawa da ɗayan.

"Na ce Yaya na son shi ga ko ina iyawa. Tun ina ƙarami nake tsayawa bakin rami ina kallon ka kana fitowa, mata na guɗa. Na tahi Nijar, na komo, na gina Gangara. Kowa ya ce mini sannu, kai ba ka ce ba. Na ce yau in na daɗe, za ka ce."

Sai ya tambaya:

"Minti nawa na yi?"

Na sani. Ban taɓa mantawa ba, tunda agogon bisa cinyata yake.

"Talatin da ɗaya."

Ya gyaɗa kai. "Ashe na daɗe," ya ce. Sannan ya ɗago ya zuba mini ido, yana jira. Tsoho mai furfura, da jikoki, yana jira. Na matsa kusa da shi na ce:

"Sannu, Isiya. Ka yi aiki."

"Yawwa, Yaya," ya ce. Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka. Bai ga shukar bana ba, Allah ya jiƙansa.